Gargaɗi Ga Mutanen Dutsen Kura: Kunamar Bindiga Ba Abin Taɓawa Ba Ce

Jama'ar Dutsen Kura, Hausa da Gwari, lokacin kawaici ya wuce. Ƙaramar bindiga na neman zama kayan aljihu a hannun samari. Ya zama wajibi mu faɗi wannan magana da babbar murya.

Kowa ya san inda aka faro. Faɗan daba a Minna da gora ya soma, ya koma wuƙa, ya koma adda. Limawa ta gani. Unguwar Daji ta gani. Maitumbi da Barikin Sale sun gani. An sassari 'ya'yan mutane, an ƙwace wayoyi, an tilasta wa 'yan kasuwa rufe shaguna da rana tsaka.

Abin ya kai ga a watan Afrilun 2025 Gwamna Umaru Bago ya hana 'yan acaɓa da masu Keke Napep zirga-zirga a cikin gari daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Gari guda ya shiga takura saboda ta'asar 'yan tsiraru.

Hannun da ya saba da adda ba ya tsayawa a kan adda.

A unguwar nan tamu hedikwatar 'yan sandan Jihar Neja take. A nan aka sha gabatar da waɗanda aka kama, a shimfiɗa makamansu a ƙasa gaban 'yan jarida. A cikin makaman akan ga bindigogi ƙirar gida: guntun bututun ƙarfe, ƙotar katako, dunƙulen walda ko gogewa ba a yi ba. Ba daga sama suka faɗo ba. Wani ne ya ƙera, wani ya saya, wani ya ɓoye.

Yanzu kuma ga wata fitina ta shigo ta waya. A YouTube akwai bidiyoyi birjik daga Amurka. Mutum zai zauna gaban teburi, ya warware ƙaramar bindigarsa, yana nuna yadda ake tausasa kunama idan ta yi tauri. Can dokarsu daban ce, kuma ko a can masu sana'ar na gargaɗin kada wanda bai ƙware ba ya taɓa. A nan, yaro zai kalla a ɗaki cikin dare. Gobe ya nufi mai walda ko maƙeri, ya rage murya: "Maigida, kunamar nan ta cika tauri, a ɗan sassauta mini ita."

Ya zama wajibi kowa ya san me ake nema a cikin wannan roƙo.

Taurin kunama ba lahani ba ne. Da gangan aka yi shi. Bindigar Glock da ta fito daga kamfani sai yatsa ya ja nauyin kusan kilo 2 da rabi kafin ta tashi. 'Yan sandan birnin New York sun shafe shekaru ana ba su mai nauyin da ya haura kilo 5, don kada ta tashi ba da niyya ba. Waɗannan horarrun jami'ai ne. Duk da haka an ji musu tsoron yatsunsu.

Dalili a fili yake. Bindigar da ake sokewa a ƙugu tana gogar riga, tana gogar ɗamara. Mutum kuma idan ya firgita ko ya yi tuntuɓe, yatsunsa na dunƙulewa ba da saninsa ba. Taurin nan shi ne shinge na ƙarshe tsakanin firgita da gawa.

A cikin bindiga wasu 'yan ƙarafa ne ke riƙe da juna, kuma riƙon ɗan mitsitsi ne. Aka ci musu baki, riƙon ya tafi. Daga nan bindiga ba ta jiran izinin kowa. Ta faɗi ƙasa, ta tashi. Babur ya faɗa rami, ta tashi. Aka zo zaro ta, ta tashi. Wata ma ja ɗaya za a yi, ta saki harsashi fiye da ɗaya.

Wannan ta kamfani ke nan. Ƙirar gida kuwa ba a magana. Ba a gwada ƙarfenta ba, ba a auna komai nata ba. Tana iya fashewa a hannun mai ita.

Wa za ta samu? Farko mai ita. Bakinta na kallon cinyarsa, kuma a cinya akwai babbar jijiyar jini. Ta tsinke, mintoci kaɗan sun isa, kafin a samo abin hawa zuwa asibiti. Sai matarsa mai gyara shimfiɗa. Sai ɗansa da ya laluba ƙarƙashin katifa. Sai maƙwabcin da ƙyauren kwano ne kawai ya raba su.

Ranar da haka ta faru, kada wani ya ce mana tsautsayi ne. Tsautsayin da aka biya kuɗi aka gyara shi ganganci ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa, don hannu na iya kuɓucewa. To ina ga wanda ya sauƙaƙa wa hannun kuɓucewa da kansa?

Doka ma ba ta bar kafa ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai zaman kansa. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga na fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Mai walda ya karɓi 'yan dubbai, ya saya wa kansa gidan yari.

Masu riƙe bindigar za su ce tsoro ne ya kawo haka. Tsoron gaskiya ne. Ba mu manta ɗaliban Kagara da aka kwashe a Fabrairun 2021 ba. Ba mu manta yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayun shekarar ba. Mun ga 'yan gudun hijirar Shiroro da Munya sun kwararo har cikin Minna.

Amma fistol a aljihun saurayi ba ta korar 'yan bindiga daga daji. A cikin unguwa take aiki. A kan waya. A kan budurwa. A kan musun ƙwallo. Kakar zaɓe ta zo, masu kuɗi su yi hayarta tare da mai ita. Faɗan da jiya ya ƙare da ɗinki a ka, gobe a maƙabarta zai ƙare. Ramuwa ta biyo baya, unguwa ta far wa unguwa.

Don haka ya zama wajibi iyaye su san abin da ke ɗakin 'ya'yansu. Uban da ke tsoron ɗaga katifar ɗansa yau, gobe shi zai ɗaga makara.

Ya zama wajibi maƙera da masu walda su ce a'a. Sana'ar da ta ba mu fartanya da garma da lauje ta fi ƙarfin wannan ƙazanta. Shugabanninsu su tsawatar, su fitar da baragurbi.

Ya zama wajibi masu gidajen haya su san wa suka ba ɗaki.

Ya zama wajibi limamai da fastoci su kira abin da sunansa ranar Juma'a da ranar Lahadi.

Ya zama wajibi masu unguwanni da hakimai su kai maganar fadar Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago.

Ya zama wajibi 'yan sanda, da cibiyar daƙile yaɗuwar ƙananan makamai da gwamnatin tarayya ta kafa a 2021, su bi sawun masu ƙerawa, ba 'yan yaran da ke ɗauka kaɗai ba. Su kuma rufa asirin wanda ya kawo rahoto, don tsoron tonon asiri ne ke rufe bakin mutane.

Wanda ke da irin wannan bindiga, kada ya kai ta gyara. Ya nemi mai unguwa ya raka shi, ya miƙa ta ga hukuma. Wanda ya san inda take, ya faɗa tun yau. Duk wanda ya sani ya kama bakinsa, ranar da ta tashi yana da kaso a cikin alhakin jinin.