Salula allo ce, ba malami ba

A watan Maris na 2020, annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Nijar har zuwa farkon Yuni. Tun daga nan wata tambaya take damun iyaye a Tasawa da Mayahi: ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya saya wa ɗansa salula, yana zuba kuɗin intanet, ilimi ya saya masa ko abin wasa?

Nijar ba baƙuwa ba ce ga karatu daga nesa. A 1964 aka fara talabijin ta makaranta a Yamai da taimakon Faransa, ta yi aiki har ƙarshen shekarun 1970. A 2009 da 2010 kuma, ƙungiyar CRS ta shigar da salula cikin azuzuwan yaƙi da jahilci a wasu ƙauyukan Doso da Damagaram. Binciken Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka ya nuna manyan da suka koyi aiki da salula sun fi sauran iya rubutu da lissafi. Ɗaya daga cikin dalilan da ake zato shi ne saƙon da suke rubutawa a gida ya zame musu bita.

Masana ƙwaƙwalwa sun bayyana sirrin. Stanislas Dehaene, shehun malami a birnin Paris, ya ce koyo yana tsaye kan ginshiƙai 4: maida hankali, gwadawa da kai, gyaran kuskure nan take, da maimaitawa tare da isasshen barci. Tun 1885 Bajamushe Ebbinghaus ya nuna abin da ba a maimaita ba yana saurin gushewa. Almajirin tsangaya ya san wannan: ba ya wanke allo sai ya biya wa malam.

Ke nan yaron da ya kwana yana kallon darasi a salula, babu mai tambayarsa, babu mai gyara masa, ya zuba ruwa ne a rariya, ya kuma yi asarar barcin da ke kafa karatu.

Saboda haka uba ya auna da abu guda: bayan darasi, a kife salula, yaro ya faɗi abin da ya koya da Hausa, gobe a sake tambayarsa. In ya kasa, kuɗin ya fi amfani a hannun mushen da zai duba littafinsa.