Leda a gidajen abinci: daga tsibiran Afirka zuwa Ƙofar Durbi

A unguwar Ƙofar Durbi da ke birnin Katsina, kamar sauran unguwannin da suka ci sunan ƙofofin tsohuwar ganuwa, da wuya a sayi abin ci ko na sha ba a ɗaura shi cikin leda ba. Mai ƙosai da mai koko da mai shayi, har da gidajen abinci da otal-otal, kowa da ita yake sallamar baƙo.

Amfanin ledar ba ya wuce 'yan mintoci, amma takan shekara da shekaru ba ta ruɓe ba.

Da rani iska ke kwasarta ta rataye a bishiyoyi. Da damina kuwa sai ta toshe magudanan ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa. Awaki da tumaki da ke yawo a unguwa sukan haɗiye ta saboda ƙanshin abincin da ya rage a ciki, kuma mahauta sun saba iske ta a dunƙule cikin tumbin dabba. Masu tsintar kayan bola ma ba su cika kula ta ba, domin ba ta da nauyin da za a auna a biya.

Abin da tsibirai suka yi

Tsibirai na cikin wuraren da suka fara ɗaukar mataki, saboda ba su da filin zubar da shara mai yawa, kuma baƙon da ya iske bakin teku cike da roba ba ya komowa.

Zanzibar ta haramta ledoji a shekarar 2006, shekaru 13 kafin dokar ta game ƙasar Tanzaniya a 2019. Seychelles ta hana ledoji da kofuna da farantai na roba a 2017.

Otal-otal da dama a irin waɗannan tsibirai sun koma tace ruwa da kansu, suna zubawa a kwalaben da ake wankewa a sake cikawa. Wato sun tanadi abin maye gurbi, ba su tsaya ga hani kawai ba.

Nan ne dai dokoki da yawa suke tuntuɓe. Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar hana ledoji a 2014, amma ba ta raba kasuwannin Maraɗi da leda ba.

Batun ruwan sha

A Najeriya, jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a watan Janairun 2024, ta kuma fara aiwatar da hani mai faɗi a watan Yulin 2025. Sai dai ba ta taɓa ruwan leda ba, kuma dalilin a fili yake: ga talaka, shi ne ruwan da ya fi amincewa da tsabtarsa a farashin da zai iya biya.

Haka lamarin yake a Katsina. Mai gidan abinci ba zai daina ajiye ruwan leda ba, sai ran da mai ci ya yarda da ruwan da aka ɗebo masa a kofi.

Ta fuskar abinci kuwa, sauyin ya fi sauƙi, domin kayan ba baƙi ba ne. Kafin leda ta yaɗu, da kwano ake aiken yaro sayen tuwo, a ƙwarya ake dama fura, a ganye ake ƙunsa alala, kuma har yanzu masu tsire da yawa a takarda suke naɗe nama.

Abin da waɗannan ke bukata shi ne ruwan wanki da mai wankewa, kuma duka biyun kuɗi ne da mai sana'a zai biya daga ribarsa. Kuɗin yashe magudana da asarar akuya kuwa, ba ya shiga lissafinsa, domin a kan mutanen unguwa yake faɗawa.