Damazin zuwa Bur Sudan: Abin da Lissafin Waya Ba Ya Faɗa

Duk wanda ya tambayi wayarsa nisan da ke tsakanin filin jirgin Damazin da na Bur Sudan, nan take za ta ce kusan kilomita 900, abin da jirgin fasinja zai cinye cikin kamar awa ɗaya da rabi. Lissafin daidai ne, amma ya kamata mutanen Kamlin, Mai Wurno da sauran ƙauyukanmu na gaɓar kogi su san yadda ake samo shi. Kwamfuta ce ke duba inda kowane fili yake a taswira, ta ja layi miƙaƙƙe a tsakaninsu, ta auna. Haka za ta yi wa kowane filaye biyu a duniya, ko da jirgi bai taɓa tashi daga ɗaya ya sauka a ɗayan ba. Ba ruwanta da ko titin saukar jirgi ya farfashe, ko akwai mai a filin, ko an rufe sararin sama. Wani lokaci ma adadin ba na kilomita ba ne. Matuƙa jirgi da mil na teku suke awo, kowane ɗaya kilomita 1.852, don haka wanda ya ga 490 ya zaci kilomita ne, ya zaftare kusan rabin tafiyar da kansa.

A da ba damuwa ba ce. Filin jirgin Hartum bai kai kilomita 100 a miƙe daga Kamlin ba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya rufe shi, zirga-zirga ta koma Bur Sudan, inda mai bin Madani, Gadarif da Kasala ta mota sai ya ci sama da kilomita 1,000. A nan dillalin tikiti ke samun ƙofa: ya miƙo waya, ya nuna layin nan mai kyan gani na Damazin zuwa Bur Sudan, ya ce a ba da kafin alƙalami. Abin da ba zai ambata ba shi ne, kafin mutumin Kamlin ya taka filin Damazin, sai ya yi sama da kilomita 400 kudu, ya wuce Madani, Sinnar da Sinja, ya ba inda za shi baya.

Wani zai ce duk da haka jirgi ya fi, tunda ya raba mutum da shingayen bincike da jijjigar mota. Ga tsoho ko majinyaci da ke kusa da Damazin, wannan magana ce mai nauyi, ba a musa ta. Sai dai ƙaramin fili ba kamar babba ba ne. Idan aka soke tashi, babu wani jirgin da yamma, sai zaman jira ana biyan masauki, guzuri na ƙarewa, ranar jirgin ruwan Sawakin ko wa'adin bizar Umra na matsowa. Babban filin ma bai tsira ba: a Mayun 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hari Bur Sudan, har aka dakatar da tashi na ɗan lokaci.

Saboda haka kafin kuɗi ya bar aljihu, a tambayi sunan kamfanin jirgin da ranar da jirginsa ya yi tashin ƙarshe daga filin Damazin. Tikitin gaske yana da lamba mai alƙaluma 13, da kuma gajeriyar lambar kama kujera, galibi haruffa da lambobi shida. A kai su ofishin kamfanin da kansa, a sa ma'aikaci ya buɗo sunan matafiyi a kwamfutarsa, a kuma ji daga bakinsa yadda ake mayar da kuɗi idan jirgi bai tashi ba.