Ɗanye, Kauɗa ko Gwangwani: Yadda Waya ke Adana Hotonka

Duk wanda ya taɓa bi ta Kwanar Gafan, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, lokacin da tumatirin rani ya nuna, ya san irin yalwar da kan fi ƙarfin ma'aji. Kwanduna jere har bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Kudu, manomi kuma na ta lissafi a zuci, don ya san 'yan kwanaki ne tsakanin kayansa da ruɓewa. Abin da bai samu mai saye ba sai a yayyanka a shanya, ya zama kauɗa. Wani kuma a kai shi masana'anta, a dafa a tace, ya dawo mana cikin gwangwani. Tumatir ɗaya ne, ma'aji uku, kuma kowace uwargida ta san wanda za ta ɗauko don miyar yau da wanda za ta ɓoye sai damina.

Wannan kasuwar ce ta faɗo mini a rai ranar da 'yar ƙanwata ta kira ni hankali a tashe daga wani shagon kwamfuta. Tana cike takardar neman makaranta ta intanet, an nemi hoton fasfo, sai ta ari iPhone ɗin ƙawarta saboda ta fi tata fitar da hoto.

“Kawu, mai shagon ya ce hoton ba ya buɗuwa, shafin ma ya ƙi karɓa, kuma yau za a rufe.”

Na ce ta karanto mini haruffan da ke ƙarshen sunan hoton. Ta ce HEIC. Nan na gane inda gizo ke saƙa. Hoton lafiyarsa lau, gwangwani ne kawai aka miƙa wa wanda ba shi da abin buɗewa. Na ce ta sake tura shi ga mai shagon ta WhatsApp a matsayin hoto na yau da kullum, ba a matsayin takarda ba. Manhajar ta mayar da shi JPEG, kafin ta ajiye waya an gama. Amma na daɗe ina tunanin yara nawa ne irin wannan ƙaramin abu ya sa suka rasa dama, alhali babu wanda ya taɓa zama ya yi musu bayani.

JPEG shi ne kauɗar hotuna. Tun 1992 aka fito da shi, kafin a haifi yawancin masu riƙe da waya a yau. Aikinsa shi ne ya tsane ruwan hoto: yakan datsa shi ƙananan murabba'ai masu ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ya duba abin da idon ɗan Adam ba ya saurin lura da shi, ya zubar. Ido ya fi kula da haske da duhu a kan ƙananan bambance-bambancen launi, saboda haka launin ne ya fi shan aski. Sakamakon shi ne hoto mara nauyi wanda babu inda ba ya shiga. Tsohuwar kwamfutar ofis ta san shi, injin wanke hoto ya san shi, talabijin ta san shi, wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika hannayenmu da shi suke ɗauka. Kamar dai kauɗa, wadda ko a kasuwar ƙauye mafi nisa ba sai ka yi wa mai awo bayaninta ba.

Sai dai kauɗa ba ta komawa ɗanye, ko ka kwana kana jiƙa ta. Abin da JPEG ya zubar ya tafi ke nan. Abin da ya fi damuna ma shi ne, duk lokacin da aka buɗe hoton aka gyara aka sake adanawa, sai a sake tsane shi. A nan ne yawancinmu muke asara ba mu sani ba. An ɗauki hoton ɗaurin aure, an tura wa Yaya ta WhatsApp, manhajar ta matse shi. Yaya ta ɗora a Facebook, an ƙara matsewa. Wani ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura wa dangi. Bayan shekara biyu wayar farko ta ɓace, abin da ya rage wa gida shi ne wannan na ƙarshe, fuskoki sun dusashe, aikin da ke wuyan babbar rigar ango ya zama dabbare-dabbare. Na ga gidan da hoton mahaifinsu ɗaya tilo da ya saura irin wannan ne, suka kai a faɗaɗa musu don ratayewa a falo, mai wankin ya ce ba zai fita ba. Kauɗa ce aka jiƙa aka shanya har sau huɗu.

HEIC kuwa gwangwani ne. An kammala tsarinsa a 2015, kamfanin Apple ya mayar da shi abin da iPhone ke ɗauka da shi tun 2017, daga iPhone 7 zuwa sama. Dabarar matsewarsa daga fasahar bidiyo aka aro ta, kuma ta fi ta JPEG wayo nesa ba kusa ba: hoto mai kyau iri ɗaya yakan ci kusan rabin wurin. Ga wanda wayarsa ke yawan yi masa kukan cika, har sai ya goge hotunan Sallar bara kafin ya ɗauki na bana, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Tsarin kuma na iya riƙe launi fiye da tsohon. JPEG mataki 256 yake da shi a kowane launi na asali, shi kuwa wannan yana iya kaiwa 1,024, shi ya sa jan sararin sama bayan faɗuwar rana kan fito sumul maimakon layi-layi. Yana kuma iya haɗa abubuwa da yawa a gwangwani ɗaya, kamar bayanin nisan da ke tsakanin mutum da bangon bayansa.

Matsalarsa mabuɗi. Fasahar da ke cikinsa tana da masu haƙƙin mallaka, sai an biya su, don haka ba kowane mai ƙera manhaja ne ya saka ta ba. Kwamfuta mai Windows 10 sau da yawa sai an ƙara mata wata 'yar manhaja kafin ta buɗe shi. Sababbin wayoyin Android suna karantawa, Samsung ma ta sa zaɓin ɗauka da shi ga mai so, amma shafukan neman aiki da na makarantu da yawa har yau JPEG suke nema, su kuma ƙayyade nauyinsa. Gwangwani a ɗakin girki alheri ne. Gwangwani a tsakiyar gona, babu wuƙa, sai kallo.

Saura ɗanye, wanda masu ɗaukar hoto ke kira RAW. Wannan kwandon ne kamar yadda aka tsinko shi, duk abin da idon kyamara ya gani ba a rage ba. Mai gyaran hoto zai iya fito da fuskar da inuwa ta rufe, ko ya dawo da farar shaddar da hasken rana ya cinye. Amma ɗanyen tumatir ba miya ba ne, sai an girka, kuma kwando akwai cin wuri. Apple ta kawo nata a ƙarshen 2020 tare da iPhone 12 Pro, inda hoto ɗaya kan kai megabait 25, a wayoyin baya masu babbar kyamara kuma ya kai 75. Lissafa ka gani: gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ba zai ɗauki irin wannan sama da 200 ba, wato bikin gida ɗaya. Idan sana'arka ce, ko kana da haƙurin zama ka gyara, bismillah. Idan ba haka ba, kada wani ya ruɗe ka da cewa shi ne “mafi inganci” ka cika wayarka da kwandunan da ba za ka taɓa dafawa ba.

Akwai kuma wani tsarin adana hoto, PNG, amma ba na wannan layin ba ne sosai. Ba ya zubar da komai, ya dace da rubutu, rasit da hoton allo, amma ga hoton mutane nauyi ne kawai.

Ni ga inda na tsaya. Wanda hotunansa ke yawan fita daga waya zuwa hannun wasu, ɗalibi, mai neman aiki, 'yar kasuwar da ke tura hoton atamfa ga masu saye, mai kai hotuna shago a wanke, ya zauna a kan JPEG. A iPhone ana shiga saitin kyamara, wajen tsarin adanawa, a zaɓi “Most Compatible”. Wanda kuma hotunansa a wayarsa suke kwana, wuri ya yi masa kaɗan, HEIC ya fi masa, muddin ya san yadda zai juya shi ranar da aka nema.

Kowanne ka zaɓa, ina roƙonka abu ɗaya. Hoton iyaye, na suna, na aure, na saukar karatu, ka nemi na asali daga wayar da ta ɗauka, a turo maka shi a matsayin takarda don kada a matse, ka ajiye kwafi a wani wuri da ba wayarka ba. Ka yi shi a wannan makon, tun wayar da ta ɗauka tana hannun mai ita.