Tsinken Auduga a Ofishin Jakadanci: Gwajin DNA da Bizar Iyali

A farkon shekarun 1980 wani yaro ɗan asalin Ghana ya sauka a filin jirgin sama na Heathrow, zai koma wajen mahaifiyarsa da ke zaune a Landan bayan ya yi wani lokaci a Ghana. Jami'an shige da fice suka juya fasfonsa, suka ce ba su yarda ba, wataƙila ɗan 'yar'uwar matar ne aka turo a madadin ɗanta. Aka yi ta kai ruwa rana kusan shekara biyu. Gwajin rukunin jini da ake da shi a lokacin ya nuna akwai dangantaka, amma ya kasa raba uwa da ƙanwar uwa. A 1985 lauyoyin iyalin suka nemi Alec Jeffreys, malami a Jami'ar Leicester, wanda a watan Satumban 1984 ya gano yadda ake bambance mutum da mutum ta ƙwayoyin halitta. Uban yaron ba ya kusa, don haka Jeffreys ya gwada uwar da sauran 'ya'yanta uku da babu gardama a kansu, daga nan ya fitar da kason uban. Sakamako ya nuna yaron ɗanta ne, kuma ubansu ɗaya da sauran. Gwamnati ta janye.

Wannan shi ne karo na farko da aka yi amfani da gwajin DNA aka raba gardama a hukumance. Kama masu laifi da shi, abin da ya fi shahara a fina-finai, daga baya ya zo. A shekarun da suka biyo baya an gwada dubban mutanen da Birtaniya ta hana shiga, kuma mafi rinjayensu suka fito 'yan'uwan gaske, ashe zaluntarsu aka yi. Ina jaddada wannan ne saboda yadda mutanenmu kan razana da zarar ofishin jakadanci ya ambaci gwajin, kamar an kama su da laifi. Ga mai gaskiyar da takarda ta gaza, gwajin nan mai ceto ne.

Yadda abin yake ba shi da wuyar fahimta. Kowane mutum yana ɗauke da ɗaurin gado guda 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Ɗakin gwaji ba ya karanta duka. Wurare kaɗan yake dubawa, kamar ashirin ko kusa da haka, inda mutane suka fi bambanta. A kowane wuri yaro yana da alama biyu, kuma dole ɗaya ta kasance a jikin uwarsa, ɗayar a jikin ubansa. Idan wurare da dama suka saɓa, an kore dangantaka. Idan duk suka dace, sai a yi lissafin yiwuwar. Amurka tana karɓar kashi 99.5 cikin ɗari zuwa sama a matsayin shaidar uba ko uwa. Mutane kan ce "gwajin jini", amma yau da wuya a huda kowa: tsinke ne mai auduga a kai, a goga a cikin kunci, a saka a ambulan, a manne.

Tsarin Amurka yana da tsauri ƙwarai a kan hannun da ya taɓa tsinken. Ba mai neman biza ne ke yanke shawarar a yi gwaji ba. Sai jami'i ya duba takardun haihuwa, na makaranta, hotuna da shaidar aike, ya ga ba su gamsar ba, sannan ya ba da shawarar gwaji a rubuce. A doka ba dole ba ne, sai dai wanda ya ƙi, takardun da suka gaza su ne za su yi masa hukunci. Ɗan'uwan da ke Amurka shi zai nemi ɗakin gwajin da ƙungiyar AABB ta amince da shi, ya biya, ya ba da nasa samfurin a can. Ɗakin gwajin zai aika kayan ɗiba kai tsaye zuwa ofishin jakadanci, wanda ga 'yan Nijeriya masu neman bizar zama yake Legas. Ranar da aka kira yaro, ya zo da fasfo da hoto, ma'aikacin lafiyar da ofishin ya amince da shi ya goga tsinken a gaban jami'i. Ofishin ne zai mayar da ambulan, kuma shi sakamakon zai dawo wa. Daga farko har ƙarshe kayan ɗiban ba sa ratsa hannun iyali. Saboda haka duk wani ɗan kamasho da ya ce ka kawo kuɗi a yi gwajin a wani asibiti a Kano ko Kumasi "don a rage lokaci", kuɗinka kawai zai ci. Ko sakamakon gaskiya ne, ba za a dube shi ba.

Dalili na farko da ya sa abin ya fi faɗawa kanmu shi ne takarda. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Manya kuwa da yawa takardar rantsuwar shekaru ta kotu suke da ita. Jami'in biza ya san takardar da aka yanka wata biyu kafin neman biza, ga yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ba ta da nauyin wadda Hukumar Ƙidaya ta bayar a makon suna. Ƙara da sunan da ya canza: Muhammadu a firamare, Mamman a katin rigakafi, sunan gari a matsayin sunan uba a sakandare.

Amma babbar matsalar ba a takarda take ba, a gida take. Mu mutane ne masu riƙo. Wa ya rasu, ƙane ya kwashe marayu. Gwaggo ba ta samu haihuwa ba, aka yaye yarinya aka miƙa mata. Yaro ya tashi bai san wani uba ba sai baffansa, da sunansa ya shiga makaranta, shi ya yi masa kaciya, shi zai yi masa aure. Mutumin kirki kunya yake ji ya ce "wannan nawa ne, wannan na wana ne", don a tarbiyyarmu furta hakan rashin mutunci ne. Sai ya zauna cike fom, aka ce ya lissafa 'ya'yansa, ya rubuta shida alhali huɗu ya haifa. A zuciyarsa bai yi ƙarya ba, amma a idon doka ya yi, kuma tsinken auduga bai san wanda ya biya kuɗin makaranta ba. Dokar Amurka tana haramta wa wanda ya yi ƙarya da gangan a muhimmin bayani shiga ƙasar har abada, Birtaniya kuwa takan hana na shekara goma. Garin neman a tafi da maraya, sai a jefa kowa cikin zargi.

An ga haka a fili a 2008, lokacin da Amurka ta yi gwajin DNA ga 'yan gudun hijirar Afirka masu neman bin danginsu, aka fara daga Nairobi aka faɗaɗa zuwa ƙasashe irin su Habasha, Ghana da Gini. Hukuma ta ce a ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na iyalan ne ta iya tabbatar da duk dangantakar da aka rubuta, ta dakatar da shirin haɗa iyalan har 2012. Ba a musun an yi maguɗi, har da sayar da gurbi. Sai dai a ganina lissafin ya haɗa mai damfara da matar da ta tsinci ɗan maƙwabciyarta a hanyar gudun yaƙi ta goya shi shekara goma. Abin takaicin shi ne dokar tana da ƙofa ga wasu 'ya'yan da ba na jini ba. Amurka tana ɗaukar agola a matsayin ɗa idan an ɗaura auren kafin ya cika 18, haka ma yaron da kotu ta mallaka wa mutum kafin ya kai 16 bisa wasu sharuɗɗa. Riƙon gargajiya da babu takardar kotu ne ba ya shiga. Mai ɗan riƙo lauyan shige da fice ya kamata ya nema tun kafin ya taɓa fom, ya faɗa masa gaskiyar yadda yaron yake.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa. Wani lokaci uba bai ɓoye komai ba, shi ne aka ɓoye wa, ko kuma an yi musanyen jarirai a asibiti ba wanda ya sani. Takardar da aka nema don a haɗa iyali sai ta tarwatsa shi. Wannan na daga cikin abin da ya tayar da ƙura a Faransa a 2007, lokacin da ɗan majalisa Thierry Mariani ya shigar da batun gwajin cikin dokar shige da fice a zamanin shugaba Sarkozy. Bayan zanga-zanga aka taƙaita shi ga dangantaka da uwa kawai, da izinin alƙali, kuma gwamnati ta biya. A 2009 minista Éric Besson ya ƙi sa hannun da zai sa a fara aiki da shi, maganar ta mutu. A Birtaniya ma, a 2018, ministan cikin gida Sajid Javid ya nemi gafara a majalisa saboda an tilasta wa wasu masu neman izinin zama yin gwajin ba bisa doka ba.

Ga Musulmi, malamai sun riga sun yi magana. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da gwajin inda nasaba ta rikice, kamar cakuɗewar jarirai ko yaran da suka ɓata a yaƙi da bala'i, amma ta hana a kore nasabar da aure ya tabbatar da shi, ko a sa shi a madadin li'ani. Wato sakamakon ofishin jakadanci yana yanke hukuncin biza ne. Maganar nasaba da gado tana hannun alƙali da malamai. Duk da haka, mai hankali zai zauna da iyalinsa kafin ranar ɗiba, domin in akwai magana gara ta fito a ɗaki da ta fito a ambulan.

Gwajin wa da ƙane ya fi na uba da ɗa rauni. 'Yan ciki ɗaya sukan yi tarayya a kusan rabin gadonsu, 'yan uba a kusan rubu'i, daidai da abin da ke tsakanin baffa da ɗan wansa, don haka lissafin kan fito da shakka. Tun 2018 hukumar shige da fice ta Amurka tana ɗaukar kashi 90 zuwa sama a matsayin hujja tsakanin 'yan'uwa. Auren zumunci yana ƙara dagula lissafin, saboda 'ya'yan wa da ƙane da iyayensu mata ma dangi ne sukan yi kama fiye da yadda ɗakin gwaji ya saba gani. Ya kamata a sanar da ɗakin gwajin hakan tun farko, kuma idan iyaye suna raye, a nemi a haɗa da samfurinsu, ko da na tsohuwa ne ita kaɗai.