Tuƙa keke a ɗaki lokacin hunturu: ina gaskiya, ina zancen majalisa?

Da zarar an kai amfanin gona gida, iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, sai tsohon zance ya dawo teburin mai shayi daga Kazaure har Babura: wai duk wanda ya haɗa zufa cikin ɗarin nan limoniya za ta kama shi, gara a jingine keke sai bazara. A ɗaya gefen kuma ga ma'aikata da 'yan fansho, musamman waɗanda likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga, sun fara sayo keken motsa jiki daga Kano, irin wanda ake tuƙawa yana kafe wuri guda. Su ma da nasu tatsuniyoyin.

Batun limoniya ba haka yake ba. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, ana shaƙarsu daga numfashi da tarin mai ɗauke da su, kuma zufa ba ta haifar da ƙwayar cuta. Sai dai masu wannan magana ba su rasa dalili gaba ɗaya ba, laifin ne suka ɗora wa wanda ba shi ya yi ba. Abin da ke ɓarna a hunturu shi ne ƙura da bushewar iska. Mafi yawan hazon da ke rufe duwatsun Roni yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, ya keto Nijar ya sauka mana. Mutumin da ke zaune yana shaƙar iska kamar lita shida zuwa takwas a minti guda. In ya hau keke ya dage, abin kan ninka sau da yawa, kuma da baki yake ja, wato hancin da ke tace ƙura ya tashi daga aiki. Busasshiyar iska tana tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa cuta ƙofa, shi ya sa mura da sanƙarau ke yawaita a rani. Ga mai asma kuwa ba sai an faɗa ba.

Turawa ƙanƙara ce ke korarsu cikin ɗaki da keke, mu hazo ne. Hazo kuma ba kullum ba ne. Ranar da gari ya washe, hanyar Kazaure zuwa Roni ta fi kowane ɗaki daɗi. Ranar da ko bishiyar ƙofar gida ba a gani sosai, nan ne keken ɗaki ke da rana.

Amma a kula, ɗakin da ake nufi ba rufaffen ɗaki mai kaskon garwashi ba ne. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba marar wari marar launi, irin wadda janareto ke fitarwa, tana shiga jini ta kore iskar da jiki ke buƙata. Wanda ke haki a irin wannan ɗaki ya fi mai barci saurin zuƙarta. Duk wanda ya ce maka a kunna wuta a rufe taga don zufa ta fito, ka bar masa shawararsa.

Zufar ma, wa ya ce kitse ce? Ruwa ne da ɗan gishiri. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama, zufa kuma ita ce hanyar fitar da shi. A kan titi iska na busar da ita, a ɗaki ba iska, sai ta yi ta tsiyaya, mutum ya ɗauka ya fi yin aiki. Masu naɗe ciki da leda su hau sikeli su ga kilo ɗaya ya tafi, lita ɗaya ce ta ruwa suka zubar, za ta dawo da kofin shayi na gaba. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700, awa guda ta matsakaicin tuƙi kuwa ba ta cika wuce 400 zuwa 500 ba. A kunna fanka, a ajiye gorar ruwa kusa, domin a ɗari ƙishi ba ya yi wa mutum gargaɗi da wuri.

Inda aka fi yin kuskure, a ganina, shi ne zaton sai an yi haki kamar rai zai fita sannan an motsa jiki. Juriya, wato dogon numfashi, a hankali ake gina ta. Tuƙi mai sauƙi na tsawon lokaci shi ke sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan jijiyoyin jini su yawaita a tsokar cinya, tsokar ta koyi ƙona kitse. Stephen Seiler, masanin da ya daɗe yana nazarin manyan 'yan wasan juriya a Norway, ya gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, ragowar kaɗan ce mai tsanani. Ma'aunin ba ya buƙatar agogo mai tsada: in kana iya hira da cikakkiyar jimla kana tuƙi, kana kan hanya. In kalma ɗaya ce ke fita da ƙyar, ka sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Rabin awa sau biyar ya cika mafi ƙarancin.

Manomin Gwiwa zai ce noman da ya sha da damina ya ishe shi shekara. Ina ma! Juriya ba ta ajiyuwa a rumbu. Mako biyu zuwa uku da daina aiki take fara zubewa, kafin wata uku mafi yawan ribar ta tafi. Mai noman rani a bakin dam ɗin Kazaure da mai kai kaya kasuwa a keke ba da su ake ba, aikinsu ya wadatar.

Sai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, cewa keke yana kashe mazakuta. A 2018 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka kwatanta maza kusan 4,000, masu keke da masu ninƙaya da masu gudu, ba su ga masu keke sun gaza sauran ta wannan fanni ba. Abin da yake gaskiya shi ne sirdi marar kyau yana danne jijiya, wurin ya yi sanyi ya daina ji na ɗan lokaci, kuma a keken ɗaki abin ya fi faruwa tunda ba gargada ba kwana da za su sa a ɗaga. Maganinsa a daidaita sirdi kada bakinsa ya kalli sama, a miƙe kan feda duk bayan minti goma. Hawan jini da suga da taba, waɗannan su ne suka fi cin mazakuta, keke kuma yana yaƙar hawan jini da suga.

Wanda bai da kuɗin keken motsa jiki yana iya amfani da tsohon kekensa ƙirar Phoenix, amma ɗaga tayar baya a kan sitan kawai ba ya isa, domin tayar da ba ta jan komai ba ta sa zuciya aiki. Sai mai walda ya haɗa ƙarfen da ke riƙe keken, da abin da tayar za ta riƙa gurza don feda ta yi nauyi. Mai ciwon zuciya, ko wanda ƙirjinsa ke riƙewa in ya hau tudu, ya fara ganin likita kafin ya je wurin mai waldar.