Wai mace gona ce kawai? A tambayi ɓera

Duk lokacin da aka tado zancen inganta shanu ta barbarar zamani, aikin da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana yi, magana ɗaya ake ji daga Samaru har Sabon Gari: a samo maniyyin bijimin Turai, saniya ko wace iri ce ta wadatar, ai gona ce kawai. Haka ake faɗa a kan matan aure ma.

Ɓerayen ɗakin bincike sun daɗe da ƙaryata wannan. Bayan maniyyi ya shiga ƙwan ɓera, ƙwayoyin gadon sabon tayin, na uwa da na uba, ba sa kama aiki sosai sai ƙwan ya rabu gida 2. A ɗan Adam sai ya kai gida 4 zuwa 8, a saniya 8 zuwa 16. To wa ke riƙe da ragama kafin nan? Furotin da saƙonnin da uwa ta tara a ƙwan tun kafin ya bar jikinta, kamar guzurin matafiyi kafin ya isa garin da zai nemi na kansa. Su ke kwance gadon uban da maniyyi ya kawo a ɗaure tamau, su sake shirya shi, su tafiyar da rabuwar farko, sannan su tada tayin ya kama harkar gabansa.

A 2000 masu bincike a Amurka suka samar da ɓerayen da ba su da ƙwayar gado mai suna Mater. Mazan suna haihuwa lafiya lau. Matan kuwa suna fitar da ƙwai, maniyyi na shiga, amma da tayin ya rabu biyu sai ya tsaya cak, ko da uban ya ba shi lafiyayyiyar Mater. Ta uban ta makara.

Kada dangin miji su ɗauki wannan makamin zargin mai ɓari. Kusan rabin ɓarin farkon ciki kuskuren rabon ƙwayoyin gado ne, daga ƙwai ko daga maniyyi, ba tulun da ta ɗauka ba.

A ɓangaren shanu kuwa, jami'an da ke alfahari da maniyyin waje ba su cika ambaton dusa da harawa ba, alhali saniyar da rani ya ramar, ƙwanta ma yakan raunana, in ma ta nemi bijimin.